Ranar da Tabawa Ta Kira Ni Yaya

Abin da ya zaunar da ni rubuta wannan babin shi ne abin da ya faru ranar sunan 'yar Sani. Duk kuna nan, kun gani da idonku. Innarku Tabawa ta shigo tsakar gida, ga surukai sun cika tabarmi, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke baiwa, ina ruwan da za ki ba uwar ɗakinki?" Na buɗe baki ke nan zan rama, sai ga Sani ya ja ta gefe yana yi mata faɗa da Larabci, wai ta daina wulaƙanta masa uwa a gaban mutane. Tabawa ta ɗauki mayafinta ta koma gida ba ta ci ko loma ba, kuma duk wanda ya san Tabawa ya san in ta bar shinkafar suna, to abin ya taɓa ta. Ban ga laifinku sosai ba. A Sabha aka haife ku, a makarantar Larabawa kuka tashi, Damagaram kuwa sai a bakinmu kuke jin ta. Amma tun da ina da sauran numfashi, gara in warware muku zancen nan da kaina.

Tabawa 'yar kawuna ce, uwata da ubanta ciki ɗaya suka fito. A wajenmu irin wannan su ne taubasai. Taubashinka ya zage ka, ya cinye maka nama, ya kwance maka zani a kasuwa, ba ka da hurumin yin fushi, kuma babu mai shiga tsakaninku. Ita 'yar namiji ce, ni 'yar mace, shi ya sa take cewa ni baiwar gidansu ce. Ni kuma Kwaɗayi nake ce mata, sunan da ta ci da guminta. Na girme ta nesa ba kusa ba, na goya ta ma, amma tun da bakinta ya buɗe ba ta taɓa ce mini Yaya ba, sai a wannan karon da zan ba ku labari. Da mijinta ya samu aiki a lambunan garin Samnu suka taso Libiya, sai ta faɗo rumfar abincina a unguwar Hajara, inda nake ciyar da 'yan Nijar masu aikin gini. Tare muke tuƙa tuwo, tare muke zagin juna, har masu cin abinci suka saba. Wasu ma na tabbata ba don miyata suke zuwa ba, don kallon dambe ne.

Ciwon hantar da ya kwantar da ni ya daɗe yana cina a ɓoye. Sai da ciki ya kumbura, ƙafafu suka ƙi shiga takalmi, sannan likitoci suka ce babu sauran dabara sai dashe. Yadda aka yi aka kai ni Turkiyya, da mutanen kirkin da suka tsaya mana, na riga na rubuta muku a baya. Abin da ban faɗa ba shi ne yadda aka samu hantar. Ashe ana yankar wani ɓangare daga jikin mai rai a dasa wa marar lafiya, ragowar kuma ta sake tohuwa. Babanku ya miƙa hannu aka ce yana da ciwon sukari. Ku kuma wasu kun yi ƙanana, wasu jininku bai dace da nawa ba. Aka gwada Tabawa, ta dace kamar an auna. Da aka gaya mata sai ta gyara ɗaurin ɗankwali ta dube ni.

"To ai shi ke nan," in ji ta. "Da ma gidanmu ke ciyar da ku tun kaka da kakanni. Yanzu har hanta sai mun ba ku."

Na fashe da kuka. Ta ce in rufe baki, kuka ba ya yi mini kyau, dariyar ma da ƙyar. Haka aka shiga da mu ɗakin tiyata, gado biyu a jere, tana gaya wa masu turawa da hannu su yi hankali da nata gadon, ɗayan kuwa ko sun kayar ba komai.

Da muka dawo Sabha, aka haɗa ni da wata likita a nan garin da za ta riƙa bin lafiyata. Daktora muke ce mata, mace ce marar son wasa, mai kallon mutum ta saman tabarau. Ta zaunar da mu ta ce magani safe da yamma, a kan lokaci, har iyakar rayuwa, domin shi ke hana jiki faɗa da sabuwar hantar. Tahalil kuma, wato gwajin jini, lokaci-lokaci. Sannan ta ɗaga yatsa ta ce in ido ya yi rawaya, ko jiki ya kama ƙaiƙayi, ko fitsari ya yi duhu, ko zazzaɓi ya zo, kada a jira ranar tahalil, a taho nan da nan. Ni na ji gargaɗi. Tabawa kuwa makami ta samu. Tun daga ranar, kullum da safe in ta shigo rumfa ba ni take gaisarwa ba. Sai ta durƙusa daidai haƙarƙarina na dama, inda hantarta take, ta yi ƙasa da murya.

"Ina kwana, 'yar gidan girma? Kin tashi lafiya? Baiwar nan ta ba ki abinci? Ki yi haƙuri da maƙwabta, haka Allah ya so."

Wannan duk mai sauƙi ne. Wata rana na zuba wa kaina nama 'yan tsoka a faranti, na kai hannu ke nan, sai ta riƙe ni, fuskar nan a murtuke.

"Tsaya. Buɗe idonki in gani." Ta leƙa, ta girgiza kai. "Rawaya. Inna lillahi."

Na ruga cikin gida da ɗinkin da bai gama warkewa ba, na tsaya gaban madubi ina gwale ido. Fari fat. Na dawo na tarar da faranti a share, tana sakace. Masu cin abinci har da mai faɗowa daga benci. Daga nan abin ya zama kayan aikinta. In tana son kujerata ta kusa da murhu, idona ya yi rawaya. In na fi ta a gardama, idona ya yi rawaya. In na saka sabuwar atamfa, hantarta ta yi yaji, sai na yi biko da turmi ɗaya. Ni kuma na koyi amsawa, in ce hantar da ta taso a gidan yunwa ina za ta, ga ta a gidan da ake ƙoshi. Watanni muka yi a haka, ina ƙara ƙarfi, ina komawa bakin tukunya kaɗan-kaɗan.

Sai sanyi ya shigo, irin sanyin Sabha mai shiga ƙashi. Na fara ƙaiƙayi, tafin hannu da tafin ƙafa. Na ce sabon bargon da babanku ya sayo ne, na jefar da shi waje. Ƙaiƙayi bai daina ba, na ce sabulu ne. Na canza sabulu, na ce ruwan famfo ne. Gajiya kuma ta sauko mini, muciya ta yi nauyi a hannuna. Fitsari ya koma kalar shayin Larabawa, wannan kuwa ban gaya wa kowa ba, don ba zancen da mace mai jikoki a hanya za ta yi a rumfar tuwo ba ne. Maganina ban taɓa tsallake shi ba, ku shaida ne, shi ya sa na ce a raina ba abin da Daktora ta faɗa ba ne. Ranar tahalil ma ta kusa, na ce in ta zo a duba.

Da safiyar wata Talata Tabawa ta gama gaishe da 'yar gidan girma, ta ɗago kai, ta tsaya tana kallona.

"Ke baiwa, idonki ya yi rawaya."

"Naman yana cikin tukunya," na ce. "Ɗebi ki ƙyale ni."

"Wallahi da gaske nake."

"Ran nan ma wallahi kika ce, kika tafi da atamfata."

Ta juya wajen masu cin abinci ta ce su duba. Suka kwashe da dariya, don sun sha ganin wannan wasan. Ta jawo Mamman magini, dattijo mai gemu, ta ce ya kalli idona ya faɗi tsakani da Allah. To wane namiji mai kunya ne zai zura wa matar mutane ido a cikin ido? Mamman ya dubi yatsun ƙafarsa da kyau ya ce, "Hajiya lafiyarta lau." Ta bi ni har cikin gida wajen babanku. Shi kuwa lokacin yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya matso, ya ƙura, ya ja da baya.

"Ni dai fari nake gani," in ji shi. "Amma ni yanzu komai fari nake gani. Kuma tsakanin taubasai ba na shiga, tun ina saurayi aka hana ni."

Madubi fa, za ku ce. Na duba. Amma a cikin ɗaki na duba, ƙarƙashin ƙwan lantarkin nan mai jan haske, inda har farin bango rawaya yake. Na ce wuta ce. Zan gaya muku gaskiya, tsoro nake ji. Ba tsoron mutuwa kaɗai ba. Matar nan an farke mata ciki saboda ni, tabon yana nan daga nan zuwa nan, ta yi makonni ba ta iya miƙewa sosai. Da wane baki zan ce mata kyautarta ba ta zauna ba? Muddin zancen yana cikin wasa, to ba gaskiya ba ne, ni kuma na riƙe wasan da hannu biyu. Ta faɗa da faɗa, na rama. Ta faɗa da rantsuwa, na yi dariya. Ta yi kuka ma, na ce ta iya, a kai ta gidan rediyo. Ta fita ranar ba ta yi mini sallama ba.

Washegari da hantsi, rumfa cike, sai na ji sallama a bakin ƙofa, cikakkiya, har da wa barakatuhu. Na ɗaga kai. Tabawa ce. Ta cire takalmi tun daga waje, abin da ba ta taɓa yi wa rumfata ba. Ta tako a hankali, ta durƙusa har ƙasa, ba wajen haƙarƙarina ba, a gabana.

"Yaya, ina kwana. An tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

Cokula suka tsaya. Mamman magini da loma a hannu ya manta hanyar baki. Na ce, "Kwaɗayi, me kika sha?" Ta ce, "Ba komai, Yaya." Ta karɓi muciya daga hannuna, ta ce in zauna in huta. Ta kawo mini ruwa a kofi da hannu biyu. Na ce tuwonta ya yi gudaji kamar na gidan ubanta, ta ce, "Za a gyara, Yaya." Na ce hancinta ya ƙara faɗi, ta ce, "Haka Allah ya yi shi, Yaya." Na jefa duk abin da nake da shi, ko ɗaya bai dawo ba. Tun da nake ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan hantsin ba, ga mutane cike da rumfa. Da ta sallami mai cin abinci na ƙarshe, ta dawo ta sake durƙusawa.

"Yaya Rakiya, don girman Allah ki tashi mu je wajen Daktora."

Na shiga na ɗauko mayafina.

Daktora ba ta ko bari na zauna ba. Ta ja ni bakin taga, inda hasken rana yake, ta ja fatar idona ƙasa, ta dube ni ta saman tabarau. Ta tambayi ƙaiƙayi, na amsa. Ta tambayi fitsari, na dubi bango na amsa. Ta ce tun yaushe, na faɗa, ta ajiye alƙalami ta yi mini faɗan da ko uwata ba ta yi mini ba. Aka ɗebi jini. Da sakamako ya fito ta ce hantar tana kuka, jinin ya nuna, amma jini ba ya faɗin wanda ya doke ta. Yana iya zama hanyar ɗacin hanta ce ta toshe, ko jijiyar jini, ko wata ƙwayar cuta ta shiga, ko kuwa jiki ne ya fara ƙin dashen. Kowanne da maganinsa, kuma maganin wani yana iya zama dafin wani, don haka ba a yin ka-ci-ci-ka-ci. Aka shafa mini wani abu mai sanyi a ciki aka ɗauki hoto, aka ga hanyoyin duk a buɗe. Aka nemi ƙwayar cuta ba a samu ba. Ta ce saura abu ɗaya, sai an tsinko ɗan ƙanƙanin hantar da allura an duba shi a madubin likita, wannan kuwa sai Tarabulus.

Na juya wajen Tabawa ina jira. Ai wannan nama ne ya faɗo mata a faranti, za a sake yankar hantarta ba a nemi izinin mai ita ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya sa a dace, Yaya."

Hanyar Tarabulus kun san tsawonta. Mu uku muka tafi da babanku. A kowace bawaba, wato shingen bincike, sojoji su tsayar da mota, su leƙo, su ce iƙama, mu miƙa takardun zama, su juya su, su dube mu, sannan su ɗaga hannu. Duk tsawon hanyar nan Tabawa ta bar mini wajen taga, ta riƙe mini jaka, ta ɓare mini lemo ba ta ci ko ɓari ɗaya ba. Ladabi kamar sabuwar amarya a gidan surukai. Har babanku ya kasa daurewa ya raɗa mini, "Wai ita ma ba za a duba ta ba?"

Allurar ba ta kai fargabarta ba. Suka kashe wajen, suka ce in riƙe numfashi, na ji ƙas a tsakanin haƙarƙari, shi ke nan. Abin da suka ciro bai fi guntun taliya ba, har na ji haushi, a ce saboda wannan muka ƙetare hamada. Suka ce in kwanta a kan gefen dama kada in motsa. Ina kwance ina kallon bango, Tabawa na zaune a bayana. Abin da ya fi sauƙin faɗa in ba ka kallon mutum, shi na faɗa. Na ce in hantarta ta ƙi zama da ni, ta yafe mini wahalar da na sa ta a banza. Sai na ji muryarta daga bayana.

"Bakina ne, Yaya. Kullum ina cewa rawaya, rawaya, har Allah ya amsa. Da na faɗi gaskiya kuma babu mai ji. In kika tashi, na yi alkawari, ba zan ƙara yi miki wasa ba har in mutu."

Wannan ya fi allurar zafi. Na ga ko na warke, na rasa Tabawa, an bar mini wata baƙuwa mai durƙuso.

Da sakamako ya fito, wani dattijon likita ya kira mu ofishinsa. Ya ce ƙin dashe ne, amma an kama shi da wuri. Ya ga ba mu gane ba, sai ya tambaya ta wace hanya muka zo. Muka ce ta mota, daga Sabha. Ya ce to mun ga bawaba. Jiki ma yana da sojojinsa, aikinsu su tare duk baƙon da ba su sani ba. Maganin da nake sha shi ne iƙamar hantar. Wani lokaci ko mutum bai tsallake ko ƙwaya ɗaya ba, sojojin sukan farka su ce takardar ba ta ishe su ba, su hau baƙo da duka. Za a ɗaura mini ruwan magani mai ƙarfi na 'yan kwanaki a kwantar da su, a ƙara yawan wanda nake sha. Ya ce abu ne da suke gani a kai a kai, ba laifin kowa ba ne.

"Ba baki ba ne?" in ji Tabawa da Larabcinta na kasuwa. "In mutum ya yi ta faɗa?"

Ya ce da baki na jawo shi, da ya daɗe da rufe asibiti ya koma gona. Wanda ya lura da idon nan, in ji shi, shi ya ceci hantar.

Ni kuma da nake neman abin da zan tsokane ta da shi, na ce, "Likita, gaya mata gaskiya. Hantarta ce marar kyau ko?" Ya ce sam, hanta lafiyayya ce, kyakkyawa, ba ta yi laifin komai ba. Jikina ne ya tasam mata.

Na ga Tabawa ta ɗago kai a hankali. Na ga hannunta ya tafi wajen ɗankwali, ya turo shi gaba.

"Dakata in gane," ta ce da Hausa. "Wato baƙuwa ta taso daga gidan mutunci, ta sauka a gidanki, ba ta ci miki ba, ba ta sha miki ba, aiki ma take miki dare da rana. Ke kuma kika kira mata sojoji."

"Tabawa..."

"Da ma na san a rina, an saci zanen mahaukaciya. Baiwa ina ta san karɓar baƙi? Tashi ki ba ta haƙuri. Tashi mana!"

Na kama dariya, inda aka soke ni yana zafi, hawaye na zuba, ban san wanne ke tura wanne ba. Likita ya tambayi babanku ko lafiya. Babanku ya ce, "Yanzu kam lafiya lau." Alkawarin da ta ɗauka kuwa, ta ce ta yi wa Yaya Rakiya ne, ita kuma ba ta san wata mai wannan suna ba.

Ruwan maganin ya yi aiki. Ƙaiƙayi ya tafi, ido ya washe, jini ya dawo daidai. Ya kuma kumbura mini fuska na wani lokaci, Tabawa ta yi ta kirana Fanke har aka sallame mu, kuma a hanyar dawowa ita ta zauna wajen taga ta cinye lemon duka. Abu ɗaya kawai ta bari har yau, ba ta ƙara cewa rawaya da wasa ba. Amma kullum in ta gama gaishe da 'yar gidan girma, sai ta ja ni bakin ƙofa wajen haske, ta gwale mini ido, ta ce, "Muni dai na nan, amma fari ne."

Don haka Sani, ka sayi kilon nama, mai kitse, ka kai mata har gida, ka durƙusa. Za ta zage ka, ta zagi uwarka, ka ce na gode. Ku duka kuma ku riƙe wannan. Muddin kuna jin ta tana ce mini baiwa, ku ci gaba da harkokinku, uwarku lafiyarta ƙalau. Ranar da kuka ji ta ce Yaya, kada wanda ya tsaya tambaya, a kawo mota.